Gidan Saukar Baƙi a Accra: Abin da Kamfani Ke Karewa da Abin da Ba Ya Karewa

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kawuna ya kira ni shagonsa a Nima. Gida ne mai sassa huɗu suka gina a wajajen Spintex, shi da ƙannensa biyu, mace tana Bronx a Amurka, namijin yana Hamburg a Jamus. Shekara da shekaru suna turo kuɗi ana ɗora bulo, yanzu gini ya kammala. Ƙanwar ta ce kada a zuba 'yan haya na shekara, a sa gadaje da kujeru da na'urar sanyaya ɗaki, a riƙa bayarwa kwana-kwana ta manhajojin neman masauki na Airbnb da Booking.com. Sai ta gindaya sharaɗi guda: ba za ta ƙara turo ko sidi ɗaya ba sai an buɗe kamfani. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ne ka yi boko. Shekara talatin ina kasuwanci da sunana, ban taɓa cin kuɗin kowa ba. Wannan kamfanin me zai ƙara mini?"

Tambayar ta dace, kuma ba shi kaɗai ke yin ta ba. Tun 2019, shekarar da gwamnatin Ghana ta gayyaci baƙaƙen fata na Amurka da sauran ƙasashe su dawo gida, cikar shekara 400 da kai bayin farko Virginia, watan Disamba a Accra ya zama kaka ga duk mai ɗakin da zai bayar. Daga Osu zuwa East Legon, Labone da Cantonments, gidajen da a da ake karɓar kuɗin shekara biyu a kansu sun koma masaukin kwana uku ko mako guda. A Kumasi ma akwai kasuwar, sai dai abin da ke kawo baƙin daban ne: jana'izar Asabar, bikin Akwasidae da ake yi a Manhyia, fadar Asantehene sarkin Asante, duk mako shida, yaye ɗalibai a jami'ar KNUST, da masu jinyar 'yan'uwa a asibitin Komfo Anokye. Mutanenmu na zango, musamman masu dangi a waje, sun shiga harkar sosai. Da yawa sun shiga da ƙafar dama ta fuskar gini da kayan ɗaki, amma ta fuskar takarda a buɗe suke.

Abu na farko da na warware wa Kawu shi ne ruɗanin da ya fi yawa a tsakaninmu. Mutum zai ce maka ya yi rijistar kamfani, ya fito da satifiket mai ɗauke da suna kaza Enterprise ko kaza Ventures. Galibi wannan rijistar sunan kasuwanci ce, ƙarƙashin dokar 1962 mai lamba 151. Suna ne kawai ka rataya a ƙofa. A idon doka kai ne kasuwancin, kasuwancin kuma kai ne. In aka biyo shi bashi, kai aka biyo, kuma motarka da shagonka da filin da ka saya wa 'ya'yanka a Kasoa duk suna cikin abin da kotu za ta iya sa hannu a kai.

Kamfani mai iyakantaccen alhaki, wanda sunansa ke ƙarewa da LTD, wani abu ne dabam. Dokar Kamfanoni ta 2019, mai lamba 992, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1963, tana ɗaukar sa tamkar mutum mai zaman kansa. Yana mallakar dukiya, yana ƙulla yarjejeniya, yana kai ƙara, ana kai shi. Masu hannun jari ba sa ɗaukar bashinsa fiye da kuɗin hannun jarin da suka yi alkawarin biya. Kotun Ƙolin Ghana ta tabbatar da wannan a shari'ar Morkor da Kuma a ƙarshen shekarun 1990, inda ta ƙi ɗora wa darakta bashin kamfaninta, ta ce ba a tsallake kamfani a kama mutanen da ke bayansa sai da dalili mai ƙarfi irin zamba.

Me ya sa wannan ya fi muhimmanci a masaukin kwana-kwana fiye da hayar shekara? Domin ɗan hayar shekara ya san gidan. Ya san makunnin da ke ba da shokin, ya san matakalar da ke santsi in an yi ruwa. Baƙon kwana biyu bai san komai ba, ya sauka daga jirgi da dare, a gajiye, wataƙila da ƙananan yara. Tukunyar gas tana kicin, na'urar ɗumama ruwa tana banɗaki, janareto yana baya saboda ranakun ɗauke wuta, ga baranda a bene. A shekara guda mutum ɗari ko fiye za su iya kwana a sashe ɗaya. Kowanne cikinsu amana ne a hannunka, kuma in tsautsayi ya faɗa wa ɗaya, lauyansa zai nemi wanda zai biya. Kamfani katanga ce tsakanin wannan ranar da sauran abin da ka tara a rayuwa.

To amma katangar tana da ƙofofi, kuma a nan ne na fi daɗewa da Kawu.

Ƙofa ta farko ita ce gidan kansa. Mutane suna zaton da an buɗe kamfani gida ya zama nasa. Ba haka ba ne. Gida yana nan a sunan da ke kan takardar fili har sai an sauya a Hukumar Filaye, da kuɗin hatimi da duk ɗawainiyar da ke tattare. Kafin a yi gaggawar sauyawa kuma a tsaya a yi tunani: duk abin da ka zuba cikin kamfani, shi ne abin da mai bin kamfanin bashi zai kama. In gidan na kamfani ne, kamfanin kuma aka ci shi a shari'a, gidan ne zai tafi. Shi ya sa hanyar da na fi gamsuwa da ita ga iyali irin namu ita ce a bar gidan a sunan masu shi, su ba kamfanin haya da rubutacciyar yarjejeniya, kamfanin ya mallaki gadaje da talabijin da firji da asusun Airbnb, ya ɗauki ma'aikata, ya karɓi baƙi. Wannan bai wanke mai gini daga komai ba. In rufi ya rufta saboda an yi algus a siminti, mai ginin zai amsa. Amma rigimar yau da kullum ta tsaya a kan kamfanin. A Kumasi, inda akasarin filaye na sarauta ne, sauya suna yana nufin a koma wajen sarkin da ya ba da filin da ofishin filaye na Asantehene a nemi amincewa, wanda hakan ma wani dalili ne na kada a taɓa takardar fili ba tare da buƙata ba.

Wanda kuma gidan ba nasa ba ne, haya ya kama yana so ya riƙa saukar da baƙi, sai ya samu rubutaccen izinin mai gida kafin ya ba wani haya. Buɗe kamfani ba ya share wannan. Na ga wani matashi a Madina da ya biya kuɗin shekara biyu, ya ƙawata sashe da bashin 'yan adashi, wata na uku mai gida ya ga baƙin fuska suna shige da fice ya ce a fita. Yana da satifiket na kamfani a jaka, amma ba shi da layi ɗaya daga hannun mai gida. Abin ya dame ni ƙwarai, domin takarda guda da ba ta wuce shafi ɗaya ba ita ce ta raba shi da jarinsa.

Ƙofa ta biyu banki ne. Sabon kamfani ba shi da tarihi, don haka in ya nemi rance, kusan kullum sai an ce darakta ya tsaya masa da kansa. Da ka sa hannu a wannan takardar, ka buɗe katangar da hannunka game da wannan bashin.

Ta uku, laifin da mutum ya aikata da kansa. In an gaya maka wayar wuta ta lalace a sashe na biyu, ka ce a bari sai bayan Disamba, baƙo kuma ya ji rauni, sunan kamfani ba zai ɓoye ka ba. Zan ƙara da abin da ba doka ce ta faɗa ba: iyakance alhaki tsari ne na kotu, ba ya sauke haƙƙin mai shara da ba a biya albashinta ba ko mai gyaran famfo da aka riƙe wa kuɗi. Wanda ya buɗe kamfani da niyyar ya ci haƙƙin mutane ya ɓuya a bayansa, ya san da Wanda zai haɗu.

Ta huɗu ita ce wadda ta fi kama mu, wato cakuɗa kuɗi. Baƙo ya biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a lambar Kawu, Kawu ya cire ya yi cefane, ya ba da gudummawar suna a Maamobi, ya sayi mai na janareto daga aljihunsa, wata ya ƙare ba wanda zai iya cewa ga abin da ya shigo ga abin da ya fita. A al'adarmu wannan ba sata ba ce, haka muka taso muka ga ana yi, aljihun babba shi ne baitulmalin gida. Amma kamfanin da kuɗinsa ba su da mazauni na kansu, kamfani ne a takarda kawai. Odita, wato mai binciken lissafi, ba zai iya sa hannu a lissafinsa ba, hukumar haraji za ta ƙiyasta abin da ta ga dama, lauyan da ke ƙarar ka kuma zai tsaya gaban alƙali ya ce wannan ba kamfani ba ne, riga ce mutumin ya sa. Magani shi ne asusun banki da sunan kamfani, lambar MoMo ta 'yan kasuwa da sunan kamfani, kuɗin Airbnb su faɗa can. In Kawu yana son kuɗi, ya ɗauki albashi a matsayin mai gudanarwa, ko kuɗin hayar gidan, ko rabon riba a ƙarshen shekara, kowanne da rubutu.

Akwai kuma wata ƙaramar ƙofa da mutane ƙalilan suka sani. Dokar ta ce dole kamfani ya kasance da darakta biyu aƙalla, ɗaya mazaunin Ghana. In ɗaya ya rasu ko ya ajiye, aka ci gaba da kasuwanci fiye da mako huɗu da darakta guda, waɗanda suka san da haka za su iya ɗaukar bashin da aka ci a wannan tsakanin da kansu. Don haka sa sunan tsohuwa ko wani ɗan'uwa da ba ya ma sanin an sa shi, don kawai a cike gurbi, kasada ce gare shi da gare ku.

Rijistar kanta ba ita ce mai wuya ba. Ofishin Magatakardan Kamfanoni, ORC, wanda aka ware daga tsohon ofishin babban magatakarda, shi ke yi. Ana bincika suna a tabbatar ba wanda ya riga ka. Kowane darakta da mai hannun jari yana buƙatar lambar haraji, kuma tun Afrilun 2021 lambar Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ce ke zaman wannan ga ɗaiɗaikun mutane. Ana buƙatar adireshin GhanaPost GPS na ofis, sakataren kamfani mai ilimin aikin kamar lauya ko akanta, da odita mai lasisi. Daraktoci suna rantsuwa a rubuce cewa ba a kama su da laifin zamba ko rashin gaskiya ba cikin shekara biyar da suka wuce. Ana bayyana ainihin masu cin moriyar kamfanin, ba sunan aro ba. Ana biyan kuɗin rijista da kuɗin hatimi gwargwadon jarin da aka bayyana. Mutum ɗaya ma zai iya riƙe duka hannun jarin, daraktoci ne kawai sai biyu. Shawarata guda a nan ita ce ka karɓi rasit na hukuma a kan duk abin da ka biya, ko da ta hannun dillali ka bi.

Satifiket na ORC ya haifi kamfani ne kawai, bai ba shi izinin saukar da baƙi ba. Wannan izinin yana hannun Hukumar Yawon Buɗe Ido, GTA, ƙarƙashin dokar 2011 mai lamba 817, wadda kuma ta ɗora kashi 1 cikin ɗari a kan abin da baƙo ya biya, mai masauki ya karɓa ya miƙa. Sai takardar hukumar kashe gobara, da izinin kasuwanci daga majalisar yankin da gidan yake, ba inda mai shi ke zaune ba. Sai inshora, wadda ni a wurina ta fi satifiket ɗin kamfanin ma amfani a ranar tsautsayi, domin kamfani yana hana a taɓa dukiyarka ne kawai, inshora ce ke fito da kuɗin da za a yi wa wanda ya ji rauni magani. A gaya wa kamfanin inshora gaskiya cewa baƙi ake saukarwa. Inshorar gidan zama da aka saya a ɓoye wannan, ranar biya za su ƙi. Mai kula da gida da mai shara in ma'aikata ne na dindindin sai an yi musu rijista da SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa: kamfani ya zuba kashi 13 na albashi, a cire kashi 5.5 daga na ma'aikaci. Game da farashi kuma, Babban Bankin Ghana ya sha gargaɗin cewa sa farashi da karɓar dala a cikin gida ba tare da izininsa ba ya saɓa wa dokar musayar kuɗi ta 2006. Baƙon da ya zo kai tsaye, ba ta manhaja ba, a yi masa lissafi da sidi.

Da muka zo kan haraji Kawu ya gyara zama, domin wani ya ce masa kamfani yana rage haraji. Ba kullum ba. Mai gidan da ya ba da hayar zama yana biyan kashi 8 na kuɗin haya. Kamfani yana biyan kashi 25 na riba, otal kashi 22, sannan in an raba ribar ga masu hannun jari a sake cire kashi 8. Abin da ke sassauta wa kamfani shi ne a kan riba ake lissafi, bayan an cire wuta da ruwa da intanet da albashi da gyara da kason da manhajar ta ɗauka, in akwai rasit. Masaukin da ake wanke zanin gado ana sauya tawul ya fi kama da otal fiye da haya, don haka kada mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa kashi 8 ne nasa. A je ofishin GRA, hukumar haraji ta Ghana, tun farko a tantance matsayin kasuwancin, har da batun VAT, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da hidima. Ga kuma kuɗin da ke dawowa duk shekara ko an samu baƙi ko ba a samu ba: na odita, na sakatare, da rahoton shekara da ake kai wa ORC, wanda rashin kai shi ke jawo tara har a kai ga soke sunan kamfani. Mai ɗaki ɗaya a bayan gidansa a Aboabo da ke samun baƙo jefi-jefi, wannan nauyin zai iya cinye ribarsa, ya fi masa ya yi rijistar suna, ya nemi lasisi, ya sayi inshora mai kyau. Mai sassa huɗu da abokan tarayya a ƙasashe uku, lissafinsa daban ne.

Zango gida ne na mutanen da asalinsu ya ratsa iyakoki, don haka batun ɗan ƙasa ba a tsallake shi. Dokar zuba jari ta 2013 mai lamba 865 ta ce baƙon da ya haɗa gwiwa da ɗan Ghana sai ya kawo dala 200,000, wanda ya mallaki kamfani shi kaɗai kuma dala 500,000. A 2025 Shugaba Mahama ya bayyana shirin cire wannan sharaɗin, saboda haka duk mai son sa ɗan'uwansa na Kano ko Yamai cikin hannun jari ya tambayi hukumar zuba jari matsayin da ake ciki kafin ya rubuta suna. Ta fuskar fili kuwa, kundin tsarin mulkin 1992 ya taƙaita wa wanda ba ɗan ƙasa ba hayar shekara 50, kuma Dokar Filaye ta 2020 tana ɗaukar kamfani a matsayin baƙo in waɗanda ba 'yan ƙasa ba suka riƙe fiye da kashi 40 na hannun jarinsa. Kawuna na Hamburg sai da aka tambaye shi wane fasfo yake riƙe da shi yanzu kafin a ci gaba.

Duk wannan bayanin Kawu yana jin sa da kunne ɗaya. Abin da ya sa ya yi shiru shi ne lokacin da na tambaye shi: "Kawu, yau in Allah ya ɗauki ran ɗayanku, wa zai iya faɗin kason kowa a gidan nan?" Shi ya sani a ransa, ƙanwarsa ta sani a nata, amma lissafin biyu ba lallai su zo ɗaya ba, 'ya'yansu kuwa ba su san komai ba, wasunsu ko Hausa ba sa ji sosai. Mun ga gidaje a Nima da Sabon Zango da suka tsaya cak shekaru, rufi yana yoyo, saboda magada sun kasa daidaitawa. Ga kuma Dokar Gado ta 1985, PNDCL 111, wadda ke aiki a kan wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, rabonta kuma ba irin na Musulunci ba ne. Hannun jari yana sauƙaƙa wannan ta hanyar da bulo ba zai iya ba. A ce an kasa kamfani kashi ɗari, wance tana da 45, wane 30, Kawu 25 saboda fili da tsayuwar da ya yi a kan aiki. In ɗaya ya rasu, kasonsa ne kaɗai ke shiga gado, masauki ya ci gaba da karɓar baƙi. A cikin kundin tsarin kamfanin za a iya rubuta cewa mai son sayar da nasa sai ya fara tallata wa 'yan'uwa. Kason gidan kansa shi ma a rubuta shi a takardar fili ko a wata yarjejeniya da lauya ya shaida, kowa kuma ya yi wasiyya.

Kawu ya ce yana jin nauyin ya ce wa ƙanwarsa ta sa hannu a takarda, kamar bai yarda da ita ba. Na tuna masa cewa ita ce ta fara neman a rubuta, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, tsakanin muminai ma.

Sun buɗe kamfanin da darakta biyu, Kawu da babbar 'yarsa da ta karanta lissafin kuɗi. Gidan yana nan a sunan su ukun, sun ba kamfanin haya na shekara biyar. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne yarjejewa a kan kason kowa, wanda ya ci kiran waya na kusan wata biyu tsakanin Accra da Bronx da Hamburg, da tsofaffin rasit na turo kuɗi da aka tono daga cikin akwati. Yanzu suna jiran jami'an kashe gobara su zo duba gidan, kuma Kawu ya ce ba baƙon da zai kwana a ciki sai takardar inshora ta fito, ko da Disamba za ta wuce su.